Ranar da Malama Uwani Ta Hau Suri

Ofishin Malama Uwani asalinsa sito ne. Har yau akwai karyayyun bencina jibge a kusurwa, da wani tsohon allo da aka jingine tun zamanin da ba wanda ya tuna. A jikin ƙofar an liƙa takarda an rubuta "Gaidans", rana ta cinye rubutun, amma ba wanda ya damu, don kowa ya san nan ne ɗakin shawara. Makarantar sakandare ce ta je-ka-ka-dawo a wani gari cikin ƙasar Bukkuyum, ajujuwa tara, ɗalibai sun fi ƙarfin kujeru.

Ita Uwani 'yar Gummi ce, ɗiyar manomin shinkafa a fadama. Gajera ce mai jiki, ga ciwon gwiwa da ke sa ta tafiya tana rangaji, ga murya wadda in ta ce "Kai!" daga bakin ofis sai monitan aji na can ƙarshe ya miƙe tsaye. Ta ba hamsin baya. Ba ta taso da niyyar zama mai ba da shawara ba. Hausa ta karanta a kwalejin horon malamai, ita kuma ta fara koyarwa a Anka, da bulala a hannu kamar kowa.

A Anka ɗin ne abin ya same ta, a shekarun da gubar dalma ta shiga yaran Bagega. Akwai wata yarinya a ajinta, Fa'iza, wadda ta daina amsa tambaya. A tambaye ta, shiru. A daka mata tsawa, shiru. Wata biyu cur Uwani tana zane ta a kan taurin kai, kafin wata rana ta ji a bakin mai sayar da ƙosai cewa yarinyar ƙanne uku ta rasa cikin damina guda. Ba ta fasa zuwa makaranta ko rana ɗaya ba, ba ta yi kuka a gaban kowa ba, bakin ne kawai ya rufe. Uwani ta koma gida ranar ta kasa cin abinci. Wannan abu bai sake ta ba har yau, kuma ba ta ɓoyewa. Shi ya sa da aka zo neman malamin da zai tafi kwas na ba ɗalibai shawara, sauran malamai suna noƙewa don aiki ne marar maiƙo, ita ta ɗaga hannu.

A kwas ɗin an koya musu abubuwa masu kyau, Allah ya saka wa malaman. Amma an ce musu a zaunar da ɗalibi fuska da fuska, a dube shi cikin ido, a ce ya faɗi abin da ke ransa. Haba jama'a! Wane ɗan Hausa ko ɗan Fulani ne zai tsura wa sa'ar uwarsa ido ya zazzage mata cikinsa? Shekara guda ta yi tana wannan wahala bayan an dawo da ita Bukkuyum. Yaro ya shigo, ya ƙura wa babban yatsan ƙafarsa ido, ya ce, "Ba komi, Malama," ya fita da kayansa kamar yadda ya shigo da su.

Sai wata rana ta taho da gyaɗar miya a faifai tana ɓara a ofis, don lokaci ya ƙure mata a gida. Aka turo mata wani yaro da ya fasa wa ɗan ajinsu kai. Haushi ya hana ta yi masa magana, ta ce kawai, "Zauna nan ka taya ni." Suka zauna kafaɗa da kafaɗa, suna fuskantar ƙofa, hannuwa na aiki. Ba a ɓare rabin faifai ba yaron ya fara magana shi kaɗai, kansa a sunkuye, har ya kai ga abin da ya sa ya ɗauki dutse. Tun daga ranar faifan gyaɗa ya zama kayan aikinta. Shugaban makarantar, Malam Dalhatu, yakan tsokane ta da cewa ita kaɗai ce ma'aikaciyar gwamnati da ke cin albashi da ɓarar gyaɗa. Takan ce masa, "To buɗe durowar can ka gani." A durowar akwai wuƙaƙe shida da wani ɗan gajeren gatari, duk masu su ne suka ajiye da hannunsu, ba a caje kowa ba.

Sai dai zamani ya canza wa aikin fuska. A da faɗan 'yan aji ne da rigimar 'yan unguwa bayan ƙwallo. Yanzu rabin yaran da ke zama gefenta an kashe musu wani, ko an sace musu wani, ko an tashi ƙauyensu. Kuma a wannan ƙasa akwai kalma guda da ta fi kowace nauyi. In aka ce da mutum ɓarawo, yana iya kaiwa gaban alƙali. In aka ce da shi infoma, wato mai kai wa ɓarayin daji rahoto, sau da yawa ba ya ganin la'asar.

Wata Litinin da hantsi wannan kalmar ta shigo ofishinta, a bakin wani ɗan aji biyar mai suna Naziru. Ɗan Zugu ne. Wata bakwai da suka wuce aka harbe mahaifinsa a kan babur a hanyar garinsu, tun daga nan yake zaune wurin dangi. Ya saba zuwa ɓarar gyaɗa, ya ɓare da yawa, ya faɗi kaɗan. Ranar ko zama bai gama yi ba ya ce:

"Malama, akwai infoma ajinmu."

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Wa ke nan?"

"Hamza. Bahillacen nan. Kullum anka hita tara sai shi zagaya bayan katanga, shi hau suri, shi hiddo waya shina Hillanci. Ran Laraba ya yi waya, ran Alhamis anka tare hanyar Zugu. Da idona na gan shi."

Surin da yake nufi kowa ya san shi. Dogo ne, ya fi tsayin mutum, yana bayan katangar makaranta, kuma a duk wannan gefen gari a kansa kaɗai ake samun sabis ɗin waya. Uwani ta so ta ce masa, a ƙasar da ake tare hanya kowane mako, ai duk wayar da mutum ya yi sai an tare hanya bayanta. Amma ba a faɗa wa maraya irin wannan magana, ciwonsa bai ko fara ƙamewa ba. Ta dubi hannuwansa, ta ga yana murƙushe gyaɗar har da ƙwayar.

Ta ce, "Ka ba ni kwana ukku. Kada ka gaya ma kowa. Ka ji?"

Ya ce, "Na ji."

Hamza dogo ne siriri, marar magana, shi ke zuwa na ɗaya a lissafi. A rajista Hamza Muhammad aka rubuta. Yana kwana a zauren wani mai shayi, wanda a da shi ne mai masaukin mahaifinsa ranar kasuwa. Iyakar abin da makaranta ta sani game da shi ke nan. Uwani ba ta aika a kira shi kai tsaye ba, don yaron da aka kira ɗakin shawara idon kowa na kansa. Ta aika a ce tana neman dogon yaro ya sauke mata buhu daga kan bencina. Ran Talata ya sauke buhu, ya zauna ya ɓare gyaɗa har aka buga ƙararrawa, ban da gaisuwa bai ce uffan ba. Ta ƙyale shi. Ran Laraba ta sake nemo wani buhun. Suna cikin ɓara ta ce, kamar da ƙofar take magana:

"An ce kana hawan suri."

Hannunsa ya tsaya. Can ya ce, a hankali, "Inna nika kira."

Daga nan maganar ta riƙa fitowa gutsi-gutsi. Rugarsu tana kusa da Nasarawa Burkullu. Shekara biyu ke nan da ɓarayi suka kore musu shanu kaf, mahaifinsa ya bi sawu da sanda kawai a hannu, gawarsa aka dawo da ita. Innarsa, Aisatu, ta kwashi ƙananan ta koma wurin danginta a wajen Anka, tana tallar nonon shanun wasu. Inda suke babu sabis, sai in sun shigo gari da hantsi da ƙwaryar nono, lokacin da ya yi daidai da fita tara. Wayarsu tana hannun ƙanwarsa Surayya.

Uwani ta ce, "To don mi kaka ɓoyo? Don an hana waya makaranta?"

Ya girgiza kai. Ya ce, "Ni na ɗan hwari, Malama."

Ba sai ya ƙara ba, ta gane. Ita kanta ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, Babangida take ce masa. Amma na Hausawan gari wasa ne in aka gwada da na Fulanin ruga. A can uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta nuna ta damu da shi ko da zuciyarta na tsagewa. Kakarsa ce ta raine shi. Shekararsa goma sha bakwai bai taɓa jin sunansa a bakin wadda ta haife shi ba. Ko a wayar ma ba da shi take magana ba. Takan tsaya kusa da Surayya ta ce, "Ki tambayi wancan ko ya karya." Shi kuma ya ba Surayya amsa, da ɗan ƙarfi, yadda za ta jiyo. Wannan 'yar muryar daga nesa ita yake hawa suri ya ji.

Ya ce, "In anka ji, ni za a yi ma dariya, wannan ba komi. Amma ita za a ce ba ta da kunya, tana bin ɗan hwari da waya. Ta rasa shanu, ta rasa miji, kunyar ɗai ta rage mata. Malama, amana na ba ki."

Ta ce, "Na amsa."

A nan ta yi kuskure, kuma ita da kanta take kiransa kuskure. Ta saba da tafiyar gyaɗa, aikin da ba a yi masa gaggawa. Ta tsara cewa gobe Alhamis in an fita tara za ta zaunar da Naziru, ta lallaɓa ta cire masa zargin ba tare da ta taɓa amanar ba. Ba ta gaya wa Malam Dalhatu ba, ba ta gaya wa kowa ba. Ashe ranar Larabar nan da yamma an sake tare hanyar Zugu, an tafi da mutum biyu. Naziru ya ga kwana ukun Malama sun yi masa tsawo, ya je ya faɗa wa ƙanen mahaifinsa.

Sunan mutumin Sharu. Da can dillalin shanu ne a kara, mai raha, yana jin Fillanci kamar a ruga aka haife shi. Shi ya ɗauko gawar wansa daga bakin hanya, daga ranar ya bar kara ya shiga 'yan sa-kai, raha kuwa ta tafi ba ta dawo ba. Ran Alhamis, saura kaɗan a fita tara, babura uku suka tsaya a ƙofar makaranta. Mutum biyar suka sauka, da bindigogi a rataye.

Uwani ta jiyo ƙarar baburan, ta leƙa, ta ga Naziru tsaye a bayan baffansa. Wallahi ba ta san gwiwarta na iya sauri haka ba. Kafin Malam Dalhatu ya gama gaisawa da baƙin, ta shiga aji biyar, ta kamo hannun Hamza, ta tura shi cikin sito, ta tsaya a bakin ƙofa ta cika ta da jikinta. Tana jiyo shugaban makarantar yana ta faman bayani cewa doka ba ta yarda a ɗauki ɗalibi daga makaranta ba. Tana jiyo Sharu yana cewa, "Malam, ba hwaɗa munka zaka yi ba. Tambaya za mu yi mai, mu maido shi." Kowa a wurin ya san yadda ake dawowa daga irin wannan tambaya.

Ta juya ta ce wa Hamza ƙasa-ƙasa, "Ka yarda in hwaɗi."

"A'a, Malama."

"Kai, kana ganin bindigogi kuwa?"

"Gara su tahi da ni. Kin amshi amana."

Ta dube shi. Da gaske yake. Tsoro ya kama ta, da haushi, da tausayi, duk a lokaci guda. Amana ta karɓa, gaskiya ne, kuma a shekara goma sha ɗaya tana wannan aiki ba ta taɓa fitar da maganar yaro ko ɗaya ba, shi ne ma duk jarinta. In ta fasa yau, gobe wa zai zauna gefenta? Amma ta ga gara yaron nan ya rayu yana ƙinta. Ta miƙa hannu ta ce, "Ba ni wayar." Bai ba ta ba, ita ta zaro ta daga aljihun rigarsa.

Sharu ya iso bakin sito. Ta gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ta tambayi gida, ta tambayi iyali, ta yi masa jajen mutanen da aka ɗauka jiya, don dole ya amsa, kuma mai amsa gaisuwa ba ya ɗaga bindiga. Sannan ta miƙa masa wayar, 'yar ƙarama mai tocila, an ɗaure bayanta da roba.

Ta ce, "Duba. Lamba guda ɗai ta a ciki. Uwarshi yaka kira."

Ya duba, ya taɓe baki. "Malama, lamba ba ta da huska. Kowa na iya cewa uwarshi ta."

"To a kira, ka ji da kunnenka."

A nan fa ake yin ta, domin a sito babu sabis. Dole aka ɗunguma zuwa bayan katanga: Uwani a gaba riƙe da hannun Hamza, Sharu da mutanensa, Malam Dalhatu yana share gumi da hula, Naziru a can baya. Ɗalibai kuwa duk sun cika tagogi, ba mai ko tari. Da aka isa gindin suri Sharu ya ce yaron ba zai hau ba, kada ya yi wa ɓarayin daji ishara. Uwani ta ce to namiji baƙo ma ba zai hau ba, don matar ba za ta yi masa magana ba. Aka dubi juna. Sai ta tuɓe takalma, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta ce, "Bismillahi."

Jama'a, mace mai shekara hamsin da 'yan kai, mai jiki, mai ciwon gwiwa, tana rarrafe a jikin suri! Malam Dalhatu ya miƙa hannu zai taimaka, ya tuna ba muharramarsa ba ce, ya maida hannun aljihu. Ta zame sau ɗaya, ta ce "Wayyo gwiwata," ta sake kamawa. A wata rana da yaran nan sun yi dariya har sun faɗi. Ranar ba wanda ya yi. Ta kai sama tana haki, ta zauna, ta danna lambar, ta buɗe sifika, ta ɗaga wayar.

Ta yi ƙara sau uku, aka ɗauka. Muryar yarinya ta ce da Fillanci, "Hamma, jam?" wato, Yaya, lafiya? Ana jiyo hayaniyar kasuwa a bayanta, wani yana cinikin fura. Sai wata murya ta babbar mace, daga ɗan nesa, ta yi magana da Fillanci. Sharu ya ji sarai abin da ta ce: a tambayi wancan ko ya karya.

Uwani ta ce da Hausa, da ƙarfi, "Aisatu, ki matso kusa. Ni ce malamarshi, sunana Uwani. Ki yi haƙuri da abin da za ni hwaɗi. Ga mutane nan tsaye da bindigogi, an ce masu yaron nan infoma na. Suna son su san wa yaka kira kullum. Ki gaya masu."

Hayaniyar kasuwa ta cika wayar. Can muryar ta matso, da Hausar da ta sha Fillanci:

"Wancan yaro ba ya da laihi. Mu yaka kira. Ku ji tsoron Allah."

Sharu ya ɗaga kai ya ce, "Wane yaro? Yaro na da suna. In ita ta haihe shi, ta hwaɗi sunanshi da na ubanshi."

Uwani ta ce, "Sharu, ɗan hwari na."

Ta ga maganar ta shige shi, don ya san abin da ya nema. Sunaye biyu ya nema, na ɗan fari da na miji, kuma su ne biyun da matar ruga ba ta faɗa har ta koma ga Allah. Amma mutanensa na bayansa, ɗan wansa na kallonsa, ya riga ya furta. Ya kau da ido ya ce, "Ta hwaɗi."

Hamza ya durƙushe a gindin surin, ya sa kai tsakanin gwiwoyi. Uwani tana riƙe da wayar a sama, hannunta ya gaji, tana jin kamar ita ce ke tuɓe wa matar nan zane a tsakiyar kasuwa. Aka daɗe. Har ta fara zaton sabis ya ɗauke. Sai muryar ta fito, ƙasa-ƙasa:

"Hamza."

Sannan da ƙarfi, yadda har na kan tagogi suka ji: "Hamza am, Hamzana! Ɗan Namadi na. Ni na haihe shi. Kada ku taɓa min shi."

Daga nan sai kukan Surayya, sai wayar ta yanke.

Sharu ya matso gindin surin. Ya ce, "Wane Namadi? Na rugar Burkullu? Wanda ya bi shanunshi da sanda?"

Uwani daga sama ta ce, "Shi."

Ashe ya san shi. Shekara da shekaru shi ke sayar masa da bijimai a kara, sun sha fura a ƙwarya ɗaya. Sunan Muhammad da ke rajista ne ya ɓatar da kowa, don a ruga da kara ba wanda ya san mamacin sai da Namadi. Sharu ya cire hula ya shafa kai. Ya dubi yaron da ke durƙushe. Sai ya juya ga Naziru ya ce, "Waɗanda sunka kashe ubanka su sunka kashe nashi." Ya maida hula, ya ce da mutanensa su tafi. Saukowar Uwani daga surin ta fi hawan wuya, sai da aka kira manyan 'yan mata biyu daga aji shida.

Kada wani ya zaci daga nan komai ya zama zuma. Malam Dalhatu ya so a kori Naziru, Uwani ta ce sam, yaron da ya kawo tsoronsa wurin malami ba a korarsa, laifin nata ne da ta bar maganar ta kwana uku. Ta zaunar da shi a sito ranar har aka tashi, a nan ne ya yi kukan da bai yi ba tun rasuwar mahaifinsa. Shi da Hamza ba su zama abokai ba. Suna gaisawa, shi ke nan, kuma a wannan ƙasa wannan ma ba kaɗan ba ne. Ita kuwa ta kafa wa kanta doka: duk maganar da kalmar infoma ta fito a ciki ba ta kwana, ranar za a kai ta ga shugaban makaranta, a nemi manyan yaron.

Abin da ya fi damunta Hamza ne. Ya daina bi ta gaban sito. In ya hango ta sai ya canza hanya. Ta ji a bakin mai shayin da yake kwana wurinsa cewa Aisatu ta daina zuwa kusa da wayar, Surayya kaɗai ke ɗauka, don a kasuwa ta faɗi sunayen, a gaban mata 'yan uwanta masu tallar nono. Wannan ya tsaya wa Uwani a rai. Ta ceci yaron, ba ta shakka, in an sake za ta sake. Amma ta san abin da ta karya, kuma ta san ba ita ta biya ba. Har wasu yaran ma sun ɗan ja baya da zuwa wurinta, ta kuwa ba su gaskiya.

Ranar kwana na goma sha biyu, an tashi makaranta, tana tsaye a bakin hanya ƙarƙashin dalbejiya tana jiran ɗan kabu-kabu, sai ta ji mutum ya tsaya a gefenta. Ba ta juya ba, ta gane dogayen ƙafafun. Suka tsaya suna kallon hanya.

Ya ce, "Ina wuni, Malama."

"Lahiya lau, Hamza. Ya su Inna?"

"Jiya ta ce a tambayi wancan ko ya karya."

Uwani ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta yi shirin ba shi haƙuri, ta ma fara haɗa kalmomin, sai ya riga ta.

"Malama, tambaya gare ni." Ya kama murza igiyar jakarsa. "Ran nan. An ce ta hwaɗi sunana."

"An ce? Ai kana wurin."

"Ina wurin. Amma kunnuwana sun toshe, ƙara ɗai nika ji cikin kaina. Ban ji komi ba sai da baburan sunka tashi." Ya sake murza igiyar. "Kowa ya ji, ni ban ji ba. Kuma na san ba ta ƙarawa. Ke ce kusa da wayar. Ƙaƙa ta hwaɗe shi?"

Uwani ta buɗe baki za ta kwaikwaya, ta ji ba za ta iya ba, ba kuma nata ba ne ta kwaikwaya. Ta ce, "Sau biyu ta hwaɗi."

"Biyu?"

"Biyu. Na hwarko a hankali, kamar don kai ɗai. Na biyu da ƙarhi, har 'yan aji shida sun ji. Ta ce Hamza am. Ta ce ita ta haihe ka, kada a taɓa mata kai."

Ya juya fuskarsa wajen katanga, kafaɗunsa suka fara motsi. Ɗan Fulani ba ya kuka a gaban mutane, don haka Malama Uwani ta kafa idonta a kan hanya kamar ba ta san da kowa a wurin ba. 'Yan kabu-kabu biyu suka zo suka rage gudu suna yi mata hon, ba ta tsayar da ko ɗaya ba.